Kyamarar Baba Da Madannin Da Ya Ƙi Dannuwa

Labarin wata tsohuwar kyamara nake tafe da shi a wannan wata, wadda na kusa hallaka ta da hannuna garin gyara, Allah Ya taƙaita. Na san akwai da yawa daga cikinmu da ke da irin waɗannan kaya na iyaye a ƙasan gado ko cikin akwatin ƙarfe, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yadda abin ya kasance daki-daki.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne a Zariya. A shekarar 1964 ya sayi kyamarar a hannun wani Bature abokin aikinsa da zai koma gida. Sunanta Zeiss Ikon Nettar, ƙirar garin Situtgat na ƙasar Jamus ce ta shekarun 1950. Idan tana rufe ba ta wuce girman ɗan littafin aljihu mai kauri ba, amma da an taɓa wani ɗan maɓalli sai ƙofar gabanta ta buɗe, idonta ya fito a bakin wata baƙar fata mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙera. Ba batir, ba caji. Fim ake sa mata mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fara fitarwa tun 1901, kuma naɗi guda hoto 12 yake ɗauka. Ni ce mai riƙe wa Baba jakarta duk ranar Sallah, har aka riƙa kirana 'yar jakar Malam. Har gobe ina ganin hannunsa yana yin abubuwa uku a jere: ya murɗa fim, ya ɗana wani ɗan hannu da ke jikin idon, sannan ya ce kowa ya tsaya cak, ya danna.

Mata biyu Baba ya bari da ya rasu a 1989, Hajiya Babba da mahaifiyata, Inna. Ni kuwa na tashi da zaton cewa zaman doya da manja suka yi, domin abin da na riƙa ji ke nan a bakin dangin Inna. Inna ta rasu a 2006. Bayan shekara biyu maganar sayar da gidan gado ta taso, aka yi ta, aka raba, kowa ya karɓi rabonsa, amma zukata ba su koma daidai ba. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ce kada wani ya taka ƙofarsa. Kawai dai zuwa ya ragu, daga kowane wata ya koma Sallah-Sallah, daga nan sai waya, daga waya sai gaisuwa ta bakin wani. Ina Kaduna, Hajiya tana Zariya wajen Yaya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma sai da na yi shekara tara ban sa ta a ido ba. Ina faɗin wannan ne da kunya, ba da alfahari ba.

A cikin hunturun 2023 sai ga saƙo daga Yaya cewa Hajiya tana nemana. Na tafi gabana yana faɗuwa. Na same ta ta tsufa ƙwarai, ta haura tamanin. Bayan mun gaisa, gaisuwar da ta fi kama da ta baƙi, sai ta sa jikarta ta jawo akwati, ta fito da jakar nan ta fata da na sani, ta miƙo mini. Ta ce, "Malam ya ce taki ce. Ban sa ta cikin kayan rabo ba, na ce sai kin zo da ƙafarki. To ba ki zo ba, ni kuma kwana ya ƙare. Karɓi amanarki in huta." Na rasa abin faɗa, na yi godiya, na yi sallar la'asar, na kamo hanya.

Da daddare na buɗe ta a falo, yara suka kewaye ni. Ƙofar ta buɗe da ƙyar, fatar ta miƙe, ƙamshin ɗakin Baba ya bugi hancina. Na ɗana ɗan hannun kamar yadda na ga yana yi, na danna madannin da ke sama, shiru. Ko motsi bai yi ba. Babban ɗana ya karɓa, ya ce tsatsa ce, ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfinsa har na ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Ni kuma uwar iyawa na ɗauko man keken ɗinkina na ɗiga a gefen madannin, a tunanina duk ƙarfen da ya cije mai yake so. Ɗan nawa har ya ce gobe zai samo man feshin nan da makanikai ke kwance noti da shi. Allah Ya sa goben nan ba ta zo da wannan shawara ba.

Maigidana ne ya juya bayan kyamarar, ya ture wani ɗan murfi, sai ga wata 'yar taga ja, a cikinta an rubuta lamba 9. Ya dube ni ya ce, "Kowa ya cire hannunsa. Akwai fim a ciki." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin saura kaɗan in buɗe bayan in leƙa, kuma da na buɗe da haske ya ƙone duk abin da Baba ya ɗauka na ƙarshe a rayuwarsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin ko wace Sallah ce, ko su wa ke ciki.

Masu hoto na yanzu da muka tuntuɓa duk na'urar zamani suka sani. Daga ƙarshe aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Garin Zariya, aka ce a zamanin ƙuruciyarsa ya yi gyaran irin waɗannan. Muka same shi a 'yar rumfarsa, da gilashin nan na ido ɗaya a goshi. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri, ya shinshina ta, ya ɗago ya ce, "Hajiya, wa ya sa mata man keke?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ce, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Zauna, 'yata, ki ga aikin da idonki, don gaba."

Abu na farko da ya yi shi ne ceton fim ɗin. Ya koma can cikin inuwa, ya rufe idon kyamarar, ya riƙa murɗa fim a hankali, lamba 10 ta wuce, 11, 12, har takardar ta ƙare ta naɗe kanta. Ya bayyana mana cewa irin wannan fim yana da takarda mai kauri a bayansa wadda ke kare shi daga haske idan ya naɗu tsaf. Sannan ya buɗe baya, ya zaro naɗin yana matse da shi don kada ya warware, ya ɗaure shi, ya nannaɗe da takardar gwangwani ta girki, ya ce in ajiye a wuri mai sanyi, kuma kada a ba kowa sai wanda ya san wankin fim baƙi da fari.

Daga nan ya ce kafin a taɓa sukuru ko ɗaya sai an san inda ciwon yake, domin abu huɗu ne ke hana madanni aiki a irin wannan kyamara. Na farko, mutum ya manta bai ɗana ba. Na biyu, makulli. Ashe wannan samfurin an yi masa wani ɗan makulli a ƙarƙashin murfin sama, wanda ke kulle madannin da zarar an ɗauki hoto, ba zai sake buɗewa ba sai an murɗa fim zuwa lamba ta gaba, don kada a ɗora hoto biyu a wuri guda. Ke nan Baba ya ɗauki hoto na tara, bai murɗa ba, ya rufe ta, ita kuma ta riƙe masa wannan hoton shekara talatin da biyar. Da muke ta dannawa, aikinta take yi, mu ne ba mu fahimce ta ba. Na uku, ƙarafan da ke kai saƙo daga madannin zuwa gaba. Na huɗu kuwa, shi kansa marufin hasken.

Bari in yi wa 'yar uwa bayanin marufin nan yadda ya yi mini. A tsakiyar gilasan idon akwai wasu ganyayyaki na ƙarfe, sun fi reza siranta, suna haɗe kamar furen da bai buɗe ba. Su ne ke buɗewa su rufe kamar ƙiftawar ido, haske ya shiga ya zauna a kan fim. Na kyamarar Baba sunansa Prontor, wani kamfani mai suna Gauthier ne ya ƙera shi a Jamus, kuma ana iya saita shi daga sakan ɗaya cur har zuwa kashi ɗaya cikin 300 na sakan. To tun da idon yana can gaba a bakin fata, madanni kuma yana saman jiki, dole a sami 'yan aike a tsakani: madanni ya tura wani siririn ƙarfe ƙasa, shi kuma ya tura wani a gefen ƙofa, wannan ya taɓa harshen marufin. Kuma duk sai sun iya naɗewa idan an rufe ƙofa.

Yanzu da aka murɗa fim makulli ya saki, madannin ya fara shiga, amma a hankali kamar an tsoma yatsa a cikin ƙullu, kuma idan ya shiga ba ya dawowa sai an ciro shi da farce. Dattijon ya ɗana, ya ƙyale madannin, ya sa tsinke ya taɓa harshen marufin kai tsaye a can gaba. Sai muka ji ƙyat! Hawaye suka zubo mini, domin rabona da wannan sauti tun ina 'yar shekara goma sha huɗu. Ya ce, "Alhamdu lillahi, zuciyar lafiya lau. 'Yan aiken ne suka gaji." Da ya gwada sakan ɗaya kuwa sai ta yi ta kuka zirrr tana tsayawa, ta kusa sakan uku kafin ta rufe. Ya ce wannan ma datti ne a cikin 'yan haƙoran da ke ƙidaya lokaci, irin na agogo ne sak.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin tire don kada sukuru ya gangara ya ɓace, ya ce wa ɗana ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki da wayarsa saboda mayarwa. Ya cire abin murɗa fim, ya kwance sukurori da ɗan sukundireban agogo wanda ya yi daidai da bakinsu, ya ɗaga murfin sama a hankali. Abin da muka gani a ciki shi ne tsohon giris na kamfani ya bushe ya zama kamar ƙaro, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta haɗu da shi, man kekena kuma ya zo ya kwaɓa su ya zama danƙo. Ga kuma siririn ƙarfen nan ya ɗan lanƙwashe, aikin babban yatsan ɗana, yana gugar gefe.

Abin da ya yi wankin da shi wani farin mai ne mai saurin bushewa, ana ce masa nafta, irin wanda ake ɗura wa laita ta da. Ba zubawa ya yi ba. Audugar goge kunne yake ɗan tsomawa ya goga, ta yi baƙi ya yar ya ɗauki wata, lungu kuma ya bi shi da tsinken sakace. Yana yi yana motsa madannin sama da ƙasa, yana kare fatar da gilashi don kada man ya taɓa su. Ya gargaɗe ni cewa man nan yana kama wuta nan take, ba a buɗe shi kusa da murhu ko risho, ba a barinsa inda yara za su kai hannu. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya miƙe shi kaɗan-kaɗan, yana yi yana gwadawa, ya ce idan aka yi masa gaggawa karyewa zai yi, kuma kamfanin ya daina ƙera kyamara tun 1972, ba kantin da za a je a sayo wani.

Sai da komai ya bushe sannan ya ɗauko man agogo. 'Yar uwa, kin san yawan man da ya sa? Bakin allura ya tsoma, ya taɓa gaɓoɓi biyu ko uku inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe, ya sa ƙyalle ya goge saura. Ganyayyakin marufin kuwa ko kusa da su bai kai mai ba. Ya ce su a bushe aka yi su su yi aiki, ɗigo ɗaya ya isa ya manne su da juna, kuma da man feshin nan muka sa da ya bi ko'ina har cikin gilashi, sai an wargaza ta gaba ɗaya kafin a ceto ta. Ya nuna mini wani ɗan hannu na jinkiri, wanda ke ba mai hoto damar rugawa ya shiga cikin sahu, ya ce kada in kuskura in ja shi a tsohuwar kyamarar da ba a wanke ba, domin idan ya maƙale a tsakiya komai ya tsaya. Ya ce in bar masa ita kwana uku ya wanke 'yan haƙoran lokaci. Ranar da na koma ya kai ni bayan rumfa inda ke da duhu, ya buɗe bayanta, ya haska tocila a cikin fatar, muka duba ko haske zai tsiyayo ta wani ɗan rami. Babu ko ɗaya.

Na tambaye shi, "Baba, to me ya lalata ta tun farko, alhali a akwati take, ba wanda ya taɓa ta?" Ya ce, "Ai shi ne ya lalata ta, 'yata. Da ana danna ta ko sau ɗaya a wata da man bai daskare ba. Ba abin da ya karye a cikinta sai wanda kuka lanƙwasa da ƙarfi. Ajiya ce ta cinye ta." Shi maganar ƙarfe yake yi, amma ni a mota har Kaduna ba maganar ƙarfe nake ji ba.

Fim ɗin kuwa, ɗan ƙanin maigidana da ke karatu a Ingila ya tafi da shi, ya kai wa masu wankin tsofaffin fina-finai. An gaya mana tun farko kada mu sa rai da yawa, domin zafi da daɗewa suna sa hoto ya dushe. Bayan wata biyu sai ga su ta waya. Huɗu sun tafi, hazo kawai. Biyar sun fito, dishi-dishi amma ana gane kowa. Babbar Sallar 1988 ce. Ga rago, ga Yaya da wuƙa, ga ni da ɗan kwalina ya karkace. Na tara kuwa, wanda makullin ya tsare, tsakar gidanmu ne. Hajiya Babba tana zaune a kan tabarma, Inna tana bayanta a kan kujera 'yar tsugune tana yi mata kitso, dukansu biyu sun buɗe baki suna dariya, da alama ba su san ana ɗaukarsu ba. Na daɗe ina kallon hannun mahaifiyata a cikin gashin matar da na ɗauka maƙiyiyarta ce.

Na sa aka buga shi babba, na kai wa Hajiya. Ta matso da shi kusa da idonta, ta yi shiru, can ta ce, "Allah Sarki, ƙanwata. Ai tun da ta rasu ban sake samun mai kitson da ya zauna mini ba." Na ce, "Hajiya, ashe haka kuke?" Ta ce, "Mun yi faɗa, 'yar nan, wa ya zauna da kishiya bai yi ba? Amma ita ta karɓi haihuwar autana, ni na yi mata wankan jego da aka haife ki. Ku yara faɗan kuka ji, don shi ke da ƙara." Na durƙusa na nemi gafararta a kan shekara taran nan. Ba ta yi mini dogon wa'azi ba, cewa ta yi in tashi in duba tuwon da ke kan wuta kada ya kama.

Yaron nan ya zo mana da sabon fim, domin har yanzu kamfanonin Ilford da Kodak suna yin mai lamba 120. Hoton farko da na ɗauka Hajiya ce a ƙofar ɗakinta, jikoki sun kewaye ta. Na murɗa, na ɗana, na ce kowa ya tsaya cak, na ji muryar Baba a bakina. Madannin ya shiga ya dawo kamar jiya aka ƙera shi.

To 'yar uwa, idan kin ci karo da irin wannan a kayan gidanku, ki fara duba 'yar jar tagar nan ta baya kafin ki buɗe komai. Kada ki danna da ƙarfi, kada ki sa man keke ko man gyaɗa ko na feshi. Ki nemi mai gyaran agogo na gaske, dattijo mai haƙuri. Idan an gyara, a riƙa fito da ita ana ɗanawa ana dannawa, a ajiye ta ba a ɗane ba don sifirin ya huta, kuma da damina a raba ta da jakar fata, saboda laima tana sa gilashi ya yi fumfuna.

Ni dai tawa ban dawo da ita Kaduna ba. Na mayar da ita akwatin Hajiya, na ce a nan za ta zauna. Tun da dattijon ya ce sai an danna ta sau ɗaya a wata, to Asabar ɗin farko ta kowane wata ina hanyar Zariya, da 'yar miyata a kwano da matajina a jaka, domin yanzu ni ke yi wa Hajiya kitso, ko da yake ta ce hannuna bai kai na Inna ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma duk mun san matsayin yanke ta a addininmu. Idan akwai wata ƙofa da kika daɗe ba ki taka ba, ba lallai ne wani abu ya karye ba, ki gwada zuwa a hankali.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage.